Kaskonka Ya Koma Kan Ƙusarsa

Zuwa ga abokina Kosta Bagirke,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ba ka iyawa, don da ajami na rubuta, shi kaɗai na sani.

Albishirinka, shagon shayinka na Tottenham bai mutu ba.

Bayan rasuwarka ɗanka ya sayar wa Alhaji Sabo da ginin, ɗan kwangila ne daga Kano. Ka san kuɗin fetur ya fashe a gida, mutanenmu suna sayen gidaje a Landan kamar gyaɗa. Ya ce zai cire allon sunanka, ya sallami matarka Mariya, ya mai da wurin ofis. Na same shi da magana, ya ce tsufa ke damuna.

Sai na karɓi kaskon nan wajen Mariya. Ka tuna shi? Wanda ka ware mana mu Musulmi, ka ɗaura masa jan zare, naman alade bai taɓa shigarsa ba. Na rungume shi na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har masallaci ran Juma'a. Ana sallamewa na miƙe na ɗaga shi sama. Na kira mutanenmu da sunayensu, likitoci da manyan ma'aikata, na tuna musu lokacin da suke ɗalibai, sanyi na kaɗa su, babu inda suke yarda su ci ƙwai sai a cikinsa. Na faɗa musu yadda ku Girkawa kuka baro ƙauyukanku, kuka bazu cikin ƙananan garuruwa kuna sayar da shayi da madara, har kai ka tsaya a nan. Wa ya riƙe wannan tarihi in ba ni ba?

Mu goma sha ɗaya muka je wa Alhaji. Ya ji kunya. Ofis ya koma bene, shago yana hannun Mariya, sunanka yana nan a ƙofa.

Saura abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ran da ka nuna mini kaskon, ban yarda da kai ba. Na faki idonka na yi masa zane da wuƙa a gindi, shekara ashirin ina leƙawa ko ka musanya shi. Ba ka taɓa ba. Jiya Mariya ta ce tun ranar ka gani, shi ya sa kake rataye shi gindinsa na kallon teburina. Me ya hana ka tanka mini, Kosta? Ni kuma me ya hana ni ce maka na gode?

Na gode. Da hannuna na mai da shi kan ƙusarsa, kuma na juya gindin ya kalli bango.

Sai wata rana. Naka mai taurin kai,
Audu Kuku, na teburin bakin taga