Ƙafafun Karafan da Shirun Kwana Goma Sha Ɗaya

Waziriyya, Jidda.
Alhamis, 9 ga Rajab.

Zuwa ga Yayata Larai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida a Malumfashi. Allah Ya ƙara miki lafiyar ido, Ya raya yaran Barakatu. Mu nan lafiya lau. Zubaidatu ta warke daga mura, ɗana Mahmud kuwa har yanzu idan na yi masa Hausa da Larabci yake amsa mini. Mijinki Yaya Bawa yana nan ƙalau, sai ciwon bayan nan da kika sani. A kansa ne na zauna rubuta miki, kuma na zaɓi takarda ne domin na san idan na ji muryarki a waya ba zan iya kai maganar ƙarshe ba.

Kafilinmu Thamer, maigidan da muke yi wa aiki, yana da karafan, wato ɗaki mai taya wanda nake ja da mota idan iyalinsa za su bakin teku a arewacin Abhur. Ɗakin yana da ƙafafun ƙarfe huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, waɗanda ake saukewa idan an tsaya domin kada ya riƙa rawa. Da wata lanƙwasasshiyar sanda ake murɗa su, a durƙushe, kuma shekara shida ke nan Yaya Bawa ke wannan aiki. Ganin sai ya dafa taya kafin ya iya miƙewa, na shiga neman masa hanya mafi sauƙi. Na wanke wurin murɗin ƙafafun na shafa musu giris, kamar yadda littafin karafan ya ce a shafi na goma sha huɗu. Na yanko katakai masu kauri da za a sa a ƙarƙashinsu domin murɗawar ta ragu. Da a nan na tsaya, da ba ki ga wannan wasiƙa ba. Amma a wani shago a Sharafiyya na samo wani soket, ɗan kan ƙarfe da ake ɗaura wa diril, wato injin huda mai batir, ya sauke ƙafa cikin ƙiftawar ido. Na karanta takardar bayaninsa sau uku, har da jan layi. Da na nuna wa Yaya Bawa, ya ce hannu yana jin lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa, inji kuwa ba ya ji. A raina na ce maganar wanda bai karanta ba ce. Allah Ya yafe mini.

Ranar da abin ya faru mun isa da hantsi. Hajiya Dalal, mahaifiyar Thamer, ta shiga ɗakin ta rufe ƙofa domin ta huta, Yaya Bawa kuma ya tafi kafa rumfa. Ban shawarce shi ba na ɗauko diril, na sauke ƙafafun duka huɗu, har na ƙara wa ta wajen ƙofa don na ga yashin yana da laushi. Ashe na ɗaga kusurwar, ɗakin ya ɗan murɗe, ƙofar ta cije. Da Hajiya ta tashi sallar azahar, ƙofa ta ƙi buɗewa. Yaya, tsohuwa ce mai hawan jini. Ta yi ta bugu tana kiran sunan ɗanta da muryar da ba na fatan in sake ji. Thamer yana ja, mata suna salati, ni kuwa na riga na tura diril ƙarƙashin kujerar mota. Yaya Bawa ya dubi bakin ƙofar sau ɗaya, ya ɗauko sandarsa, ya durƙusa, ya sassauta ƙafar da juyi uku, ƙofa ta buɗe. Da Thamer ya waiwayo, shi ya gani da sanda a hannu. A gaban mata da jikoki ya ce ammi Bawa, wato Baffa Bawa, ya tsufa da aiki, halas, shi ke nan, idan iƙamarsa ta zama a ƙasar ta ƙare a Sha'aban ba zai sabunta ba. Yaya Bawa ya ce a yi haƙuri kawai. Ko kallona bai yi ba. Ni kuma, ɗan uwanki, ina tsaye a wurin, bakina a rufe.

Kwana goma sha ɗaya muna cin abinci a faranti ɗaya, bai tayar da zancen ba. Da na ɗan taɓo zancen, sai na gane ya san ni ne, ya ce in bar shi haka, tunda 'ya'yana a nan aka haife su, shi kuwa yana da gidan komawa. Sai ranar Talata, ina gyara jakata, na warware takardar soket ɗin gaba ɗaya. A bayanta, gefen da ke naɗe, an rubuta da ƙananan jajayen haruffa cewa a tsayar da inji kafin ƙafa ta kai ƙasa, a ƙarasa da hannu. Maganar Yaya Bawa ce tsaf, sai dai shi bai buƙaci takarda ba.

Jiya bayan la'asar na ɗauki diril da takardar na sami Thamer, na faɗa masa komai, har da ɓoye injin. Sai ya sa aka kira Yaya Bawa, ya tashi ya sumbaci kansa, ya ce za a sabunta iƙamar cikin makon nan. Ni kuma Thamer ya ce mini kuskuren ƙafa ya wuce a wurinsa, shirun ne zai daɗe bai manta ba. Ban ga laifinsa ba. Hajiya Dalal ce ta yanke sauran hukuncin: daga yau ni zan riƙa durƙusawa da sanda, Yaya Bawa yana zaune a kujera yana faɗa mini inda zan tsaya.

Na san ba zai taɓa ba ki wannan labari ba, shi ya sa na ba ki da kaina. Na kusa mayar miki da mijinki gida da sunan wanda ya kasa aiki. Ki yafe mini, Yaya, ko da ba yanzu ba. Idan kuma ya kira ya ce miki bayansa ya yi sauƙi, gaskiya ya faɗa, kin kuma san dalili.

Ki gaishe mini da Inna Mariyamu da Barakatu da yaranta. Zubaidatu tana gaishe ki da kyau. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Abduljalil.