Littafi Na Uku Da Na Hura Wuta Da Shi

Daren Alhamis, Gumel

Ni na zaɓar wa Hafsatu, 'yar yayana, labarin yarinyar nan da ta ɓata ranar kasuwa. Ita da ba ta son karatu, cikin kwana biyu ta cinye littafi na ɗaya da na biyu. Yau ta hau acaɓa tun daga Ɗanzomo don ta karɓi na uku.

Na dubi tsabar idonta na ce na ba da aro. Alhali da damina, ranar da itace ya jiƙe, da shi na hura wuta.

Ta ce, "Ba komai Gwaggo, zan jira. Don Allah kar ki gaya min ƙarshen."

Har godiya ta yi min. Ƙarshen da take jira kuwa, tuwo na tuƙa da shi.