Funfunar Sito

Litinin, 3 ga Yuni
Baban yara ya yi tarin jini a kan sallaya. Wai in yi shiru kada Inna, mahaifiyarsa, ta ji. Sai ka ce tari yana ɓoyuwa.

Laraba, 5 ga Yuni
An ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ya ce funfuna ce, irin wadda ke yawo a iska. Ta samu kogon da tsohon tarin fuka ya bari a huhunsa, ta dunƙule a ciki. Na ce funfuna dai ta burodi? Ya ce kowa yana shaƙarta kullum, mai raunin huhu take kamawa. Da ya tambayi aikinsa na ce siton abincin kaji, yana juya buhuna. Sai ya ajiye biro ya dube mu.

Asabar, 8 ga Yuni
Na je wurin mai sito. Rufin yana yoyo, buhunan ƙasa sun yi kore da baƙi, wari kamar tsohuwar rijiya. Yana daga cikin mota, gilashi rabi, ya ce, "Hajiya, ciwo na Allah ne." Na ce rufin ma na Allah ne? Ya ɗaga gilashinsa. Da na samu dutse a kusa, wallahi.

Lahadi, 9 ga Yuni
Auta ta zo dubiya. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, mai aikin ɗakin gwaje-gwaje. Tana jin sunan cutar sai idonta ya yi haske. Wai dangin funfunar suke renowa a faranti a wurin aikinsu, wai da ita ake yin tsamin lemon kwalba, da wata kuma maganin rage kitsen jini. "Yaya, ba ki ga kyanta a madubin gwaji ba." Mijina yana kwance yana jan numfashi kamar zuga-zugi, ita tana yabon kyau! Na miƙa mata jakarta, na nuna mata ƙofa.

Alhamis, 13 ga Yuni
Maganin yana sa shi amai. Auta ta kira. Ban ɗauka ba.

Talata, 25 ga Yuni
Abokin aikinsa ya zo gaishe shi da takunkumi rataye a wuya. Wai wata yarinya mai farar riga ta je siton, ta kankari buhuna, ta dawo da jami'an lafiya. An fitar da ruɓaɓɓun an ƙone, ana canza kwanon rufin. Ya ce ta wanke mai sito tas a gaban kowa, har hularsa ta karkace. Ban tambayi ko wace ce ba, ai na san halin ƙanwata. Wa ya aike ta?

Juma'a, 5 ga Yuli
Ya kwana bai yi jini ba. Ya ci abinci da hannunsa, har da neman ƙari.

Auta ta zo da yamma, ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Na ce ƙofar ba ta cizo. Ba mu tayar da zancen ba. Da na zo rabon abinci na ƙara mata tsoka biyu. Ba wani abu ba ne, na ga ta rame ne kawai.