Agwagi Suka Fara Mutuwa

Bukkuyum, ranar Laraba.

Ƙawata Rufaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Innarku da duk mutanen Gummi da kika samu kika manta da ni. Wasa nake. Mu ma lafiya lau, sai kewa. Badaru direba ya kawo mini wasiƙarki da littafin. Kwana biyu na cinye shi, kuma wallahi sai da na yi kuka wurin da motar budurwar ta tashi, saurayin yana tsaye a tasha. Ga shi na mayar, ki yafe mini, miya ta ɗiga a wani shafi.

Wata biyar ke nan da ɓarayin daji suka tashe mu daga Zugu, har yau ban yi ƙawa ba. 'Yan ajinmu ba su da laifi, ni ce in an yi mini magana sai bakina ya mutu. In an fita tara ina zama gindin dogon yaro ni kaɗai. In na dawo gida kuma sai agwagina, uwar nan da na rungumo a kan babur ranar gudu. Ta ƙyanƙyashe tara. Su nake ba labarin da da ke zan ba.

Bari ki ji abin da ya faru jiya. Malama Ma'u, mai koya mana ilimin halittu, ta aika mahauta aka kawo tsokar naman da aka yanka a lokacin, ta barbaɗa mata gishiri a gabanmu. Sai nama ya hau motsi! Wata ta yi ta a'uzubillahi har ta kifar da benci. Malama ta ce ba aljani ba ne. Wai jikin kowace dabba ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana lulluɓe da tantani mai ƙofofi, gishiri na shiga yana fita, kuma wannan shige da ficen shi ne saƙon da jijiya take kaiwa daga kai zuwa ƙafa. Kwaɗo, akuya, agwagwa, mutum, duk hanya ɗaya ce. Rufaida, ashe faɗuwar gaban nan da ake rubutawa a littattafai in budurwa ta hango saurayi, gishiri ne yake wucewa ta ƙofa. Ni kaɗai na yi dariya a ajin.

Abu ɗaya ke damuna. 'Ya'yan agwagwa biyu sun mutu. Kafin su mutu sai da suka yi ta juyi wuri ɗaya, wuya a karkace.

Kada ki faɗa wa kowa wannan. Baba ya koma haƙar zinari. Hanyar wurin injin niƙa ba ta biyuwa saboda mutanen daji, shi ya sa yake kawo buhun duwatsu gida, yana dakawa a bayan ɗaki, duk da mai unguwa ya hana tun shekarun baya.

Ki gaida Innarku.

Taki har kullum,
Sahura.

Bukkuyum, ranar Lahadi.

Rufaida,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Ki yi haƙuri, wannan karon ba littafi. Ban iya karanta ko layi ba.

Agwagin duk sun tafi. Uwar ce ta ƙarshe, na same ta bakin kwatar da ruwan wankin duwatsu ke bi, fikafikanta a sake kamar ba nata ba. Na binne ta, Inna tana ce mini sakarya, mai zaman makokin tsuntsu.

Yanzu kuma Zinariya ce, autarmu. Kin tuna yadda take kiran ki "Faida" tana bin ki? Ta daina magana. In ta taka sai ta faɗi, ba ta cin abinci, tana amai. Daren Laraba jikinta ya sandare, idanu suka juye. Inna ta ce iska ce ta biyo mu daga Zugu, an kawo rubutu, an yi hayaƙi. Ni kuwa ina kallon yadda wuyanta ya karkace, na tuna na taɓa ganin irinsa wurin agwagi.

Ranar Alhamis na jira kowa ya fita, na tsaya bayan Malama Ma'u har ta gama share allo. Da ta juyo ta ce, "Ke baƙuwa, kina da baki kuwa?" Na tambaye ta me ke sa agwagwa juyi. Ta tambaye ni inda suke kiwo, na ce kusa da inda wasu maƙwabta ke daka dutse. Fuskarta ta canza. Ta ce a cikin dutsen zinarin yankinmu akwai dalma, kuma dalma ta yi kama da sinadarin da jiki ke gina ƙashi da shi, wanda jijiya ma take buƙata. Ƙofofin tantanin ba sa bambancewa, sai su buɗe mata, ta shiga ta rikita saƙon. Agwagwa tana haɗiyar tsakuwa da laka don ƙundunta ya niƙa abinci, shi ya sa ita ke fara faɗuwa. Daga ita sai yaro mai rarrafe yana kai hannu baki. Babba shi ne na ƙarshe, yana iya shekara bai ji komai ba. Ta ce haka aka yi a ƙauyukan Anka da namu lokacin muna jarirai.

Sai ta kama hannuna ta ce, "Akwai ƙaramin yaro a gidan?"

Rufaida, cewa na yi babu.

Na ji tsoron a zo a kama Baba. Na gaya wa Inna, ta ce, "Ke rufa muna asiri, mi agwagwa ta haɗa da ɗan Adam?" Baba kuma kin sani, ni ce 'yar fari. Ba ya kallon idona, ba na zama inda yake, tun da na yi wayo maganarmu ba ta wuce ina kwana. Sau uku ina zuwa ƙofar zaure ina dawowa. A littattafanmu da yanzu wani likita ya tsaya da mota a ƙofar gida. Na leƙa, ba kowa sai mai tallan kalanzir.

Ki yi mana addu'a.

Sahura.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na rubuta da ajami don ka karanta da kanka, kada wani ya ji. Ka gafarce ni da na sa wasiƙar cikin hularka.

Baba, ciwon Zinariya ba iska ba ce. Ƙurar dutsen da ake dakawa a bayan ɗaki ce, akwai dalma a ciki. Ita ta kashe agwagi goma, kuma da irin ciwon da suka yi Zinariya take. Malamarmu ta ce jijiyar tsuntsu da ta mutum aiki ɗaya suke yi, abin da ya kama ta wancan zai kama ta wannan, ƙaramin jiki ne kawai yake riga babba. Ta ce a asibitin Anka ana auna jini, kuma akwai maganin da ke fitar da ita in an kai yaro da wuri.

Na san ba don son ranka kake wannan aiki ba, don mu ci ne, tunda gonarmu tana inda ba ma iya zuwa. Ban faɗa wa kowa a waje ba sai ƙawata Rufaida. An tambaye ni na yi ƙarya, kuma ƙaryar ta hana ni sukuni. In ka ce in yi shiru, ban san ko zan iya ba, Baba. Gara ka sani daga gare ni.

'Yarka mai biyayya,
Sahura.

Anka, ranar Juma'a.

Ƙawata Rufaida,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki ga daga inda nake rubuto miki. Kwananmu goma sha ɗaya a asibiti, ni da Inna da Zinariya.

Da Baba ya ɗauki hularsa zai tafi azahar, ina ɗakin girki ina leƙensa. Ya daɗe a zaure. Da ya shigo sai ya kife turmin dakan dutse, ya fitar da buhunan waje, ya ce Inna ta goya yarinya. Shi ya tuƙa babur ɗin har Anka. Ni Badaru ya kawo ni washegari da kayan shimfiɗa.

Da aka auna jininta, likita ta tambayi ko ana daka dutse a gidan. Inna ta sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Ni ke dakawa." An je an kankare ƙasar tsakar gidanmu an zuba sabuwa, an auna yaran maƙwabta, an samu biyu da dalma a jini. Mai unguwa ya kira Baba gaban jama'a, wasu har yau ba sa amsa sallamarsa. Baba ya tafi Gummi neman aikin lodi a kasuwa. In kin gan shi ki gaishe shi, don ni bai yi mini magana ba kafin ya tafi. Ban sani ba ko fushi ne ko kunya. Na aika wa Malama Ma'u takarda na faɗa mata gaskiya.

A nan ma ba ni da abokin hira. Matan ɗakin kowa da nata yaron. Aikina in riƙe Zinariya a ba ta magani, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, tana tofarwa ina sharewa. Sandarewar ta daina. Likita ta ce dalmar tana raguwa a jini, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba duka yake dawowa ba. Da an ƙara mako guda, wai da ba wannan maganar ake ba. Ni kuwa kwanaki ukun da na yi shiru nake ta tunawa.

Yau da safe ta kama ƙarfen gado ta miƙe, ta yi taku huɗu, ta faɗa jikin Inna. Magana dai har yanzu babu. Na tambayi likita ko za ta yi, da bakina na tambaya, a gaban mutane. Ta ce wataƙila. Ni na ce in sha Allahu.

Ki gaida kowa. Ki rubuto, don Allah, ko layi biyu ne.

Taki,
Sahura.