Abin da Na Kai Tsallaken Titi

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata. Yaya aiki, yaya ciwon kan nan naki? Mu nan sai godiyar Allah.

Na san za ki ce Inna ta tsufa, ana zamanin waya tana rubuta takarda. To ki ce. Kin san gidan nan, ko tari na yi a kicin ana ji a ɗaki, kuma abin da na gani ranar da kika kira na kara wa babanki wayar a kunne, ba na fatan in sake gani. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, sai hawaye. Mutumin da duk layin nan ke kira Rediyo, wanda kan bar kan mutum rabi da aski rabi babu har sai ya kai ƙarshen labarinsa, yau shi ne kalmar ruwa ta gagara. Tun da hawan jinin ya shanye masa ɓarin dama, ƙafa ta fara dawowa, hannu yana lallaɓawa, harshen ne ya ƙi.

Maganar zuwanki kuwa, yana nan kan bakansa. Da na ambata sai ya ɗaga hannun hagu ya kaɗa. Ba ya so ki gan shi haka. Na tambaye shi ko sai ranar da ya iya kiran sunanki, ya gyaɗa kai, ya riƙe hannuna bai saki ba sai da na yi masa alkawari. Ki yi haƙuri da taurin kan ubanki, a wurinsa kika gado.

Ga wani labari mai ɗan daɗi. Ashe a ma'aikatar lafiya akwai wani sashe da suke kira ɗakin gwaji. Ni na zaci kwalabe da allurai zan tarar, ashe dabarun gwamnati suke gwadawa, a ɗan ƙaramin wuri tukuna, in abu ya yi kyau sannan a baza shi ko'ina. Sun tara mu, matan da ke jinyar masu irin ciwon babanki a unguwar nan. Auta, ofis ne babu tebur ko ɗaya na kirki! Kujerun kamar buhunan auduga, na zauna sai da mutum biyu suka ɗaga ni. Bango duk ƙananan takardu masu launi, duk abin da ka faɗa sai su rubuta su manna. Shugabarsu ba ta girme ki ba, Mai Tabarau nake ce mata, tana da ladabi ƙwarai. Na ce mata ni ba keken guragu nake nema ba, bakin mijina nake so a buɗe. Ta rubuta, ta manna can sama.

Yanzu sun yanke shawarar turo malamar koyar da magana har gida. Amma rabin gidajen kawai za a ba, kwamfuta ce ta yi ƙuri'a. Sauran rabin ba za a ba su komai ba, wai su ne ma'auni, da su za a gane ko abin yana aiki. Mu mun fito. Gidan Mai Walda na tsallaken titi, da shi ma ya faɗi wata guda bayan babanki, ba su fito ba.

Ki gaishe da maigidanki, ki shafa min kan jikata.

Taki,
Inna

*

Autata,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta masa, ya sa na maimaita wurin da kika ce yarinya ta fara tafiya. Allah ya raya mana ita. Da fatan jikinki da sauƙi.

Albishirinki, babanki ya yi magana! Ina yi masa gyaran fuska, kin san ni da reza sai a hankali, na karce shi a haɓa. Sai na ji an ce, ba haka ba. Na waiwaya ina neman wanda ya shigo. Wallahi shi ne, ya haɗe rai yana harara ta. Watanni ina roƙon Allah in ji muryar mutumin nan, da ta fito kuma da faɗa ta fito. Na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya, kumfar sabulu har a ɗankwalina.

Aikin malamar ne, Allah ya saka mata. Takan zo da ɗan madubi ta sa masa a gaba ya ga yadda leɓensa ke motsi. Ta sa shi hura kyandir, ta sa shi zuƙar ruwa da tsinken roba, ta nuna masa katuna masu hoton kofi da takalmi da ƙofa. Kalmar da ta ƙi fita da magana sai ta sa shi ya rera ta, wai waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a kai ba. Yanzu yana cewa ruwa, yana cewa shayi, yana cewa a'a, wannan kam ya fi ƙwarewa a kanta. Na tambaye ta yaushe zai iya kiran sunanki na yanka. Ta ce akwai harafin da ke farkonsa mai nauyi ne ga irin harshensa, sai an bi wasu matakai kafin a kai can, amma za a kai.

Abu ɗaya ya hana ni sakewa. Duk ranar da malama ta zo, sai in hango Uwar Biyu, matar Mai Walda, tsaye a ƙofar gidanta tana shara a wurin da babu datti. Ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai ta ɗago hannu ta ce an gode Allah. Matar da ta kwana da ni a asibiti ranar da babanki ya faɗi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, Auta. Rannan malama na fita, na ɗauki madubin kwalliyata da guntun kyandir na tsallaka. Abin da na gani an yi da safe, shi na yi wa Mai Walda da yamma. 'Yan biyunta suka zana katunan a kwalin sabulu, kofin nasu ya fi kama da bokiti, amma ya gane.

Nasa ciwon bai kai na babanki ba, sai ga shi yana kamawa kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Uwar Biyu kuma kin san ta, bakinta ba ya riƙe alheri. Ta koya wa matar Direba, da su ma ba su fito a ƙuri'a ba, ita kuma ta koya wa ƙanwarta. Ranar ganin likita, in kin ga bencin jira, kowace mace da madubi a jaka, ana ta gwada wa juna yadda ake murɗa leɓe. Ba wanda ya hana mu, ba kuma wanda ya tambaye mu.

Ki fara shirin neman hutu a wurin aiki. Ina ji a jikina abin ya kusa.

Innarki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Ki yafe min jinkirin amsa, na ɗauki biro ya fi a ƙirga ina ajiyewa.

An rufe shirin.

Wa'adin gwajin ya cika, suka bi gida gida da katunansu suna auna bakin kowa, waɗanda aka ba malama da waɗanda ba a ba ba. Bayan nan Mai Tabarau ta aiko a kira ni wani taro a ofishinsu. Na ci ado na tafi, a zatona za a ce an ƙara mana lokaci. Na tarar da shayi da biskit, da manya daga ma'aikata. Ashe al'adarsu ce, duk gwajin da bai yi nasara ba sai su taru a ba da labarinsa a tafa, wai kada ma'aikaci ya ji tsoron gwada sabon abu. Aka haska wasu layuka biyu a bango, ɗaya namu, ɗaya na gidajen ma'auni. Sun hau tare, kafaɗa da kafaɗa. Wani mai kwat ya ce wannan ya nuna da malama da babu malama duk ɗaya ne, masu ciwon da kansu suke warwarewa, don haka an tsirar da gwamnati daga kashe dukiya a banza. Sai ɗakin ya ɗauki tafi. Ni ma, ni 'yasu, sai da na tafa sau biyu kafin maganar ta isa kaina.

Da aka watse na ja Mai Tabarau gefe na faɗa mata komai, madubin, kyandir ɗin, bencin asibiti. Ban faɗa don in kare kaina ba, na zaci murna za ta yi, tunda ga shi abin nasu ya yi aiki har ya tsallaka titi. Ta cire tabarau ta zauna a kan buhun nan. Sannan ta ce laifinsu ne. A allonsu kowane gida akwati ne shi kaɗai, bai zo musu a rai ba cewa akwatunan suna aron gishiri a wurin juna. Ta ce gwajin ya gurɓace, ba abin da za a iya tabbatarwa da shi, ko a ce ya yi ko a ce bai yi ba. Za ta rubuta hakan a rahoto, amma an riga an sallami malaman, an kuma karkata ga wani gwajin na daban, kan layin karɓar magani. Ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, idonta ya kawo ruwa. Na so in yi fushi da ita, na rasa ta inda zan kama.

Malama ta zo sallama. Ta samu aiki a wani asibiti mai nisa. Ta bar wa babanki madubin, ta rubuta min abin da zan riƙa yi, amma ta gaya min gaskiya: matakin da ya rage ba na takarda ba ne, sai mai ilimin ya sa yatsa a maƙogwaro yana ji yana gyarawa. Babanki ya raka ta har ƙofa da sandarsa. Ya ce mata, gobe? Ta dube ni, ni na ce masa eh.

Uwar Biyu ta ji labari ta shigo tana kuka, wai su suka jawo mana. Na ce ta rufe min baki. Amma ke 'yata ce, ba zan ɓoye miki ba: ana cewa alheri gadon barci ne, ni dai tun ranar ban yi barcin kirki ba. In na ce da na sani, sai in tuna fuskar matar nan da tsintsiya a hannu. In na ce ban yi nadama ba, sai in dubi babanki.

Ki sa mu a addu'a.

Inna

*

Autata, 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ke da maigidanki da yarinya. Na ga saƙon da kika aiko, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Jikin babanki ya ja baya. Makon jiya ya tashi bakinsa ya ƙara karkacewa, muka tafi asibiti, likita ya ce ciwon nan ne ya sake taɓa shi kaɗan, kuma irin wannan in ya fara maimaituwa sai a yi ta addu'a. Na tambaya ko akwai mai koyar da magana a nan, ya ce a rubuce akwai gurbin, mutum ne babu. Na koma ɗakin gwajin, na tarar an sauke takardunmu daga bango an manna na wasu. Mai Tabarau ta ce ta kai maganar sama har sau biyu, an ce a jira shekara mai zuwa. Ita tana da shekara mai zuwa, Allah ya kai ta.

Kalmomin da ya tara suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Shayi ta tafi. Ruwa tana zuwa tana komawa. Ina yin duk abin da ke takardar malama, har na haddace ta, amma ni tela ce, Auta, inda ilimina ya tsaya nan ya tsaya.

Kin san wa ke zuwa kullum da safe yanzu? Mai Walda. Bakinsa ya buɗe sarai, har ya koma rigima da masu kawo masa gyaran ƙofa. Yakan tsallako da katunan kwalin nan, ya ja kujera gaban babanki, ya riƙe masa madubi da wannan ƙaton hannun nasa mai tabon wuta. Ni ce na gaya masa sunanki ake nema, shi ya sa kullum da shi yake rufewa. Ya faɗa a hankali, ya ce saura kai. Babanki ya tattara duk ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta miƙe, iska kawai ke fita. Sai Mai Walda ya ce yauwa, ka kusa, gobe sai ya fito. Daga nan ya fita waje ya tsaya bayan ƙofa yana share ido, yana zaton ba na ganinsa.

Jiya bayan ya tafi, na tarar da babanki ya kifa madubin a kan cinyarsa. Na ce in kira ki? Bai gyaɗa kai ba, bai kuma ɗaga hannun ya hana ba. Ya dai juya fuska bango.

Shekara arba'in ban taɓa karya masa alkawari ba, yau zan karya, in ya so ya yi fushi da ni, na ɗauka. Kada ki jira sai ya kira sunanki. Ki nemi hutun nan gobe, ki ɗauko yarinyar, ki taho. In kin shigo kada ki tsaya a bakin ƙofa kina jiran ya ce wani abu. Ki je ki zauna kusa da shi ta ɓangaren hagu, nan ne hannun da ke iya riƙewa.

Sai na gan ki.

Mahaifiyarki,
Inna