Hannun Bostião

Litinin, 7 ga Agusta, 1741, Divar

Ni ne waliyyi! Fada ya ɗauko mai zane daga Goa, Aleixo, zai yi wa cocinmu hoton Waliyyi Nikolau yana ceto rayuka daga wutar tsarkakewa. Ina koya wa yara waƙa ya shigo, ya ƙare mini kallo, ya ce wannan goshin yake nema wa waliyyin. Matata Quitéria ta ce sanƙona yake nufi. Mata ke nan.

Laraba, 9 ga Agusta

Na gwada baƙar rigar waliyyin. Har masu kifi sun ji labari. Jikokin jikokina za su durƙusa gaban fuskata, Allah Ya yafe mini daɗin da nake ji.

Alhamis, 10 ga Agusta

Ashe wanda zan ciro daga wutar wana ne, Bostião. Aleixo ya tsinto shi a bakin kwale-kwale, bai san tun rabon gonar kwakwar Baba ba ma ga maciji ba. Na so in fasa, sai na tuna a zanen ni ne a sama, shi a wuta. Daidai!

Asabar, 12 ga Agusta

An ɗora ni kan teburi, shi a ƙasa ba riga, na riƙe wuyan hannunsa. Aleixo na ta zane da jan alli, yana cewa in dube shi da tausayi. Bostião ya ce masa, “Malam, wannan ko a rijiya ya same ni, murfi zai nema.” Dariya ta kusa kayar da ni. Ban bari ya gani ba.

Talata, 15 ga Agusta

Idin coci, ba zaman zane. Yaran da nake koyarwa sun yi waƙa kamar mala'iku. Bostião bai zo coci ba.

Juma'a, 18 ga Agusta

Na leƙa takardun. Kai, rigata kamar iska na kaɗa ta, harshen wuta har kana jin zafi! Aleixo na murna wai bai taɓa samun haƙarƙari irin na Bostião ba. Sai a lokacin na lura. Yatsuna suna zagaye hannunsa har da saura. Mutumin da ke ɗaga buhun shinkafa da hannu guda. Tari ya sarƙe shi, na ce wa Aleixo ya isa haka, a miƙo masa riga.

Litinin, 21 ga Agusta

An gama. Aleixo ya ce in saki, ƙafafun Bostião sun ƙi ɗaukarsa, dole na ja shi ya miƙe. Na ce, “Yaya, a hankali.” Bakina ne ya suɓuce.

Na raka shi gida, don hanyar da santsi ne kawai. Gobe Quitéria za ta kai masa kunun shinkafa. Tukunyar ta yi mata nauyi, wataƙila ni zan ɗauka.