Buhun Rairayi

Talata, bayan isha'i, Madarunfa

Baban Habsu ya kira daga hanyar Agadas. An ba shi sabon kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Ya ce akwai siririn tiyo da ya zagaye injin, haɗe da tukunyar garin kashe wuta. In wuta ta tashi, zafinta ke fasa tiyon daidai wurin, garin ya feso da kansa, ko direba bai lura ba. Na sa ya maimaita, don in tabbata na gane.

Sai ya yi dariya. "Maman Habsu, kin huta da ɗibar rairayi."

Tun da tsohuwar motarsa ta kama wuta kusa da garin Ɗan Issa, duk tafiya ni ke cika mashi ƙaramin buhu da rairayin bakin tabki, ya aje bayan kujera. Na ce alhamdulillahi, kuma da gaske nake. Amma na kasa cin tuwo. Ina jin ba don wutar kaɗai nake yi ba. So nake abin da hannuna ya taɓa ya bi shi.

Sai bayan Salla zai dawo. Buhun yana bayan ƙofa, na riga na cika shi.